Kurciya a Jikin Tulu

A taron Zumuntar Mata ni ba mai magana ba ce. Wurina bencin baya ne, kusa da taga, kuma idan ana waƙa baki kawai nake motsawa, domin tun ina yarinya aka ba ni wannan shawara, na kuma ga tana da amfani ga kowa. Saboda haka da na miƙe ran nan na ce, "Ku bar mini tulunan," sai da Mama Hannah, shugabarmu, ta gyara tabarau don ta tabbatar ni ce.

Maganar Manga ake yi. Kowace shekara matan majami'un yankinmu suna haɗuwa a gasar waƙa, kuma kowace shekara matan Manga ke tafiya da kofi, mu 'yan Zuru mu dawo da "kun yi ƙoƙari". Bana a Mahuta za a yi. Mama Hannah ta riga ta sanar cewa daga bana za ta sauka saboda ciwon gwiwa, kuma abu ɗaya take roƙo: ta riƙe kofin nan da hannunta ko sau ɗaya kafin ta zauna. Sai ga labari cewa Manga sun yi sababbin tulunan kiɗa, jajaye, suna ƙyalli, alhali alƙalai suna ba da maki a kan kyan shiri. Namu tulunan akwai murya, amma baƙaƙe ne ƙirin, kamar daga gobara aka ceto su.

"Me za ki yi musu, Malama Joyce?" in ji Mama Hannah.

Na buɗe jaka na fito da fakitin da 'yata Peculiar ta aiko mini daga Kaduna. Na ɗaga ɗaya sama yadda nake ɗaga taswira a aji. Sitensil ake kiransa, na ce. Takarda ce ta roba mai gam a baya, an huda zane a jikinta. A manna ta, a dangwala fenti a kan hudar, a ɓare, zane ya fito tsaf. Wannan kurciya ce da reshen zaitun a baki. Zan shafe cikin kowane tulu da fari, in ɗora kurciya shuɗiya a kai.

"Idan alƙalai suka ga tulunanmu," na ce, "ko Manga sun yi waƙar mala'iku ba wanda zai ji. Ido zai hana kunne aiki."

Ban san inda na samo wannan magana ba. Amma an tafa.

Veronica, mai buga babban tulu, ba ta tafa ba. Ta karɓi takardar ta leƙo ni ta cikin hudar kurciyar. "Malama, kin taɓa yi?"

"Ban taɓa ba, amma na kalli bidiyonsa a waya har na haddace. Wata mata ta yi wa tire ado, ko zama ba ta yi ba."

"Tire."

"Tire, tulu, ƙa'idar ɗaya ce, Veronica. Kimiyya na koyar har na yi ritaya."

Ta mayar mini da takardar. "To, Allah ya taimaki kimiyya."

Washegari na sauka kasuwa, shagon Oga Nwankwo mai kayan gini. Yana ganina ya share mini kujera da hularsa.

"Malama! Ka zo lafiya? Fenti kana so? Akwai na mai, akwai na ruwa."

"Wanne ya fi?"

"Na mai, Malama. Shi ne oga."

"Na mai yana wari, yana daɗewa bai bushe ba."

"Gaskiya ne! Ba shi da kyau ko kaɗan. Ni ma ban san me ya sa na ajiye shi ba."

"Na ruwa ya fi tsafta. In ya taɓa hannu, ruwa kawai za a sa ya fita."

"Ruwa kawai! Malama ya san aiki. Ogechi, zo ka ji, Malama yana koya mani sana'ana!"

Ogechi matarsa ce, kuma tana buga ɗaya daga cikin ƙananan tulunanmu. Ta leƙo daga bayan buhunan siminti ta ce, "Mama, mu dai mu ci Manga." Na ce ta ɗauka an gama. Na fito da galan na fari da gwangwanin shuɗi, ina jin kaina kamar wadda aka ba lambar yabo.

Ni mace ce mai taka-tsantsan, ba zan fara da kayan majami'a ba sai na gwada. Na duba gidan, idona ya faɗa kan akwatin ƙarfen maigidana, Ezekiel, wanda unguwa ke kira Baba Soja. Kore ne, shimfiɗaɗɗe, daidai da tire. Na manna sitensil, na murza da bayan cokali yadda matar bidiyo ta yi, na dangwala shuɗi, na ja a hankali. Kurciya ta fito. Koren fentin akwatin ma ya fito, ya biyo gam gaba ɗaya, ya bar tsatsa mai kusurwa huɗu da tsuntsuwa a tsakiya.

Ezekiel ya zo ya tsaya a kai.

"Maman Peculiar, akwatin nan ya je Laberiya ya dawo. Harsashi bai taɓa shi ba."

"Gwaji ne, Baban Peculiar. Yanzu mun san gam ɗin yana da ƙarfi."

"Mun sani," in ji shi. Ya ja akwatin ya tura ƙarƙashin gado, ya kulle ɗakin, ya sa mabuɗi a aljihu.

Aka kawo tuluna aka jera mini a tsakar gida, babban na Veronica a tsakiya kamar uwa da 'ya'yanta. Na wanke su, na shanya, na shafa fari. Farin ya zauna da kyau, har na ɗauki hoto na tura wa Peculiar. Sannan na ɗauko kurciya na manna a cikin tulu na farko.

A nan na fara gane bambancin tire da tulu. In na danne kai, wutsiya ta tashi. In na danne wutsiya, fiffike ya tattare. Na danne da gwiwa, da haɓa, da hannu biyu, na sa soso cikin fenti na shafa da sauri kafin wani wuri ya sake tashi. Da na ɓare, fentin ya riga ya bi ƙarƙashin kowane tattara ya yi abin da ya ga dama.

Maƙwabciyata Bushira, mai suyar awara, ta leƙo ta kan katanga.

"Malama, sannu da aiki. Mi kike yi haka?"

"Ado, Bushira. Me kika gani?"

Ta karkata kai. "Zabuwa?"

"Kurciya ce."

"Allah sarki. Mota ta taka ta?"

"Tashi take yi."

"To wanga abu da ke bakinta, hanjinta ne?"

"Reshen zaitun ne!"

"Ki yi haƙuri, Malama, ni ban yi boko ba." Ta juya ta ƙwala kira. "Farida! Zo ki ga tsuntsun Malama!"

Kafin in shafe da fari, mata sun cika katanga. Wata ta ce jemage, wata ta ce kifi, wata tsohuwa ta ce ita dai ta ga taswirar Kebbi. Na yi musu murmushin da nake yi wa iyayen yara ranar ba da sakamako, na ce matakin farko ne.

Na zauna na yi nazari na gano cewa gam yana bukatar zafi don ya kwanta. Na manna sabbin sitensil a kan tuluna uku na kai su tsakiyar rana, na shiga ciki na ɗora miya. Da na fito, gam ya kwanta, ya kwanta har ya ƙi tashi. Na ja, roba ta miƙe kamar cingam ta tsinke. Na kankara da farce, da reza, da wuƙar yanka kuɓewa. Kazar Bushira ta tsallako ta taka wani yanki da na yar, ta bi tsakar gida tana ɗingishi da roba a ƙafa tana kuka kamar an kama ta za a yanka, Bushira tana daga katanga tana cewa, "Malama, ita ma adon za a yi mata?"

Cikin wannan hidima na wanke sitensil ɗaya da ya sha shuɗi, na shanya shi a kan benci, gam yana kallon sama. Ezekiel ya fito cikin farin kaftaninsa zai je taron tsofaffin sojoji, ya zauna a bencin ya ɗaura takalmi, ya tashi ya fita. Ban lura ba sai da ya kai ƙofa. A bayansa, daidai wurin zama, shuɗiyar roba ta kwanta lif, farin yadi ya leƙo ta hudar: kai, fiffike, wutsiya, har ganyen zaitun ɗaya bayan ɗaya. Ita ce kurciya mafi kyau da na gani tun da na fara aikin. Na tsaya ina kallonta da sha'awa har ya sha kwana.

Ya dawo da yamma riƙe da robar tsakanin yatsu biyu.

"Na ratsa kasuwa," in ji shi. "Na ratsa tasha. Yara suna bina suna sara mini ta baya. A wurin taro na tashi zan yi magana a kan fansho, Kofur Abel ya ce in juyo su ga tutar."

"Amma ka ga yadda ta fito? Ka ga ganyen?"

"Ban gani ba, Maman Peculiar. Ni kaɗai ne a Zuru ban gani ba."

Duk da haka bayansa ne ya buɗe mini ido. Abin yana so ya kwanta ne kawai. Na ɗauki almakashi na tsattsaga gefen kowane sitensil har ya iya lanƙwasa ya bi cikin tulu. Na daina shafawa, na koma dangwalawa da soso da na matse kusan a bushe, kaɗan-kaɗan, daga gefe zuwa tsakiya. Na ɓare tun fenti bai gama bushewa ba. Kurciya ta fito. Kurciya sosai, wadda ko Bushira da ta leƙo sai cewa ta yi, "A'a! Ta warke!"

Daga nan ban ƙara jin maganar kowa ba. Na yi wa kowane tulu kurciya gaba da baya. Na ƙara ganye a wuya. Babban tulun Veronica na zagaye shi da garke guda. Na yanka tsohon zanen gado na ɗinka wa kowanne riga, na rufe, na kafa doka: ba mai taɓawa, ba mai gani, sai ranar Mahuta.

"To da me za mu yi gwaji?" in ji Veronica a majami'a.

"Da jarka da bokiti. Hannu ne ke kiɗa."

"Malama, tulu sai an zuba masa ruwa an daidaita muryarsa da ta 'yan'uwansa. Jarka muryar me gare ta?"

"Ku daidaita a can. Fenti sabo ba ya son wahala. Kuma Manga suna da dangi a garin nan, kina so su kwafa?"

Da na ambaci Manga, Mama Hannah ta buga sandarta a ƙasa. "A bar wa Malama tulunanta." Haka Zumuntar Mata ta yi ta gwaji da jarkokin manja da bokitin wanka, masu wucewa suna leƙowa su ga ko famfo aka gyara.

Ranar gasa muka shiga bas cikin fararen riguna da fararen ɗankwali, kowane tulu a cinyar mai shi cikin rigarsa kamar jariri za a kai baftisma. Ni na zauna kusa da direba ina gaya masa inda ramuka suke, shi da yake bin hanyar kullum.

A Mahuta an kafa rumfa don manyan baƙi da alƙalai, mu mata aka jera mu a fili. Aka jefa ƙuri'a, muka fito na ƙarshe. Na ce da kyau, abin da ido ya gani a ƙarshe shi yake tunawa. Veronica ta ɗebo ruwa a rijiya tun da safe za ta daidaita tuluna, na tsaya a kanta don kada ta cire musu riga. Ta baki kawai take zubawa, ta buga, ta saurara, ta ƙara, har muryoyin suka hau juna. Sannan muka ajiye su a rana muka zauna.

Aka yi addu'ar buɗewa. Aka yi jawabin maraba. Aka yi jawabin godiya ga wanda ya yi jawabin maraba. Wani Rabaran ya ce ba zai daɗe ba, ya daɗe. Rana ta hau tsakiyar kai. Majami'u suka yi ta shiga suna fita. Manga suka shiga da jajayen tulunansu suka yi waƙa, kuma zan faɗi gaskiya, ta yi daɗi. Da suka fito na taka har wurin shugabarsu, ni da ko gaisuwa sai an fara yi mini, na ce, "Sannunku, Mama. Tulunanku sun yi kyau. Ja kawai, ko? Ba komai, sauƙi ma ado ne."

Ta dube ni ta dubi tulunanmu a lulluɓe. "Naku ba su da lafiya ne?"

"Za ki gani."

Mai lasifika ya ce Zuru su shirya. Na je na kama rigar babban tulu don in yaye ta da hannu ɗaya yadda ake buɗe sabon gini. Rigar ta ƙi tahowa. A jiƙe take, sanyi ƙalau. Na ja da hannu biyu, ta taho da wani sauti kamar an cire ƙafa daga laka, da rabin garken kurciyoyina a jikinta. Sauran rabin suna kan tulu suna kuka. Shuɗi yana gangarowa daga idonsu, daga fiffikensu, yana haɗuwa da fari yana ɗiga ƙasa.

Tulun yumɓu yana gumi. Ruwan ciki yana ratsowa ta jikinsa, shi ya sa ruwan randa yake sanyi. Na koyar da wannan a aji ya fi a ƙirga. Na zana shi a allo da kibiyoyi. Na taɓa kayar da yaro a jarrabawa a kansa. Fentin da na zaɓa da bakina kuwa, in ya ga ruwa, fita yake yi.

"Malama," in ji Veronica a hankali, "kimiyya tana zuba."

"Zuru! Zuru su shigo fili!"

Ba lokacin komai. Mama Hannah ta riga ta yi gaba da sandarta, ta tsaya gaban makirfo tana fuskantar alƙalai, ta ba mu baya. Masu kiɗa suka rungumi tulunansu suka zauna a benci, masu amshi suka zagaye su. Mama ta ɗaga murya, muryar nan tata da ke sa tsigar jiki tashi, Veronica ta saukar da faifan soson da take kiɗa da shi a bakin babban tulu.

Bugun farko ya watsa shuɗi har layi na biyu.

Murya dai tuluna sun bayar, ban taɓa jin sun yi daɗi haka ba. Amma kowane tafi da feshinsa. Hannuwa suka koma shuɗi zuwa gwiwar hannu. Cinyoyi suka koma shuɗi. Rana tana dukan mutane, mai kiɗa ta share gumin goshi, goshi ya koma shuɗi. Ta gyara ɗankwali, ɗankwali ya samu yatsu biyar. A baiti na biyu akwai wurin da masu amshi ke dafa kafaɗar masu kiɗa, masu kiɗa su dafa nasu, don nuna zumunci. Aka nuna zumunci. Kowace ta fito da tafin hannu a baya.

Yara suka fara dariya, sannan matan majami'ar Bena, sannan rumfar manya. Wani dattijo ya cire hula ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa. Mama Hannah ba ta ga komai ba sai haƙoran jama'a. Ta ɗauka Ruhu ne ya sauka. Ta ɗaga sanda sama ta yi wa masu kiɗa alama su ƙara wuta.

Suka ƙara.

Ina gefe da tsumma a hannu ina raɗa, "A hankali! Ku buga baki kawai, ku bar cikin!" Ogechi ta juyo ta ji abin da nake faɗa, fuskarta kamar dodon bikin Uhola, sai tulunta ya sulluɓe daga cinyarta kamar sabulu. Bai fashe ba. Ya faɗi a yashi ya fara gangarawa, domin filin Mahuta yana da ɗan tudu, yana amai da ruwa, yana barin shuɗin layi a ƙasa, ya nufi teburin alƙalai kai tsaye.

Na bi shi. Ni, Joyce, da ban yi gudu ba tun ina makarantar horon malamai. Na sha gabansa, ya kauce. Na taka layin fentin, takalmi ɗaya ya tsaya ni na wuce. Na cim masa daidai ƙafar babbar alƙaliya, matar Rabaran, na faɗa kansa na rungume shi da ƙirji. Da na ɗago, ga ni a tsakiyar fili, gaban rumfa, ƙafa ɗaya ba takalmi, kiɗa yana tafiya. Ban ga wata hanya ba. Na ɗora tulun a kafaɗa na fara taka rawa da baya da baya, kamar dama haka aka tsara.

Babbar alƙaliya ta ciro hankici ta goge ɗigon shuɗi daga gilashin tabaranta. Ta rubuta wani abu.

Rawar da baya ce ta kai ni gefen Mama Hannah. Ta dube ni. Ta dubi rigata, inda kurciya ɗaya ta kwafu a ƙirjina, a juye, tana narkewa. Sannan a hankali ta waiwaya ta ga Zumuntarta.

Tun ina amarya nake jin Mama Hannah tana waƙa, ban taɓa jin ta yanke a tsakiyar baiti ba sai ran nan. Kiɗa ya mutu tulu bayan tulu. Fili ya yi tsit, har ana jin ɗigar fenti daga benci. Makirfo yana bakinta, saboda haka duk Mahuta ta ji lokacin da ta ce, "Yesu mai ceto. Su wane ne waɗannan?"

Ban san tsawon lokacin da aka yi ana dariya ba. Na dai san Rabaran ya tashi zai tsawatar, ya buɗe baki, ya koma ya zauna.

Manga suka ɗauki kofi. Da aka zo karanta sauran, mai lasifika ya yi mana kirki, ya karanta sunan Zuru da sauri. Shugabar Manga ta ratso fili da kofin a hammata ta zo gaishe mu. Ta miƙa wa Mama Hannah hannu, ta ga hannun Veronica a kusa, ta mayar da nata bayan zane.

"Kun yi ƙoƙari," in ji ta. Ta juyo gare ni. "Shuɗi kawai, ko? Ba komai."

Muka koma wurin bas. Direba ya shimfiɗa buhuna a kujeru kafin ya bari mu zauna. Na koma can baya, tulun Ogechi a cinyata, ina kallon gonakin dawa suna wucewa. Mama Hannah tana gaba, sanda tsakanin gwiwoyi, hannunta wayam. Abu ɗaya ta roƙa. Na fara shirya kalmomin da zan ajiye zama memba da su, cikin ladabi, ba tare da na sa kowa ya roƙe ni ba, ko da yake ban ga alamar mai roƙo ba.

Mun wuce rabin hanya sai Mama Hannah ta yi gyaran murya.

"Ba zan sauka ba," in ji ta, ba ta waiwayo ba. "Gwiwa ta yi haƙuri. Ba da wannan za a tuna da ni ba."

"Amin, Mama," aka amsa ƙasa-ƙasa.

"Malama Joyce."

"Na'am, Mama."

"Akwai sauran takardun nan masu gam?"

"Akwai, Mama. Ina isa gida zan sa musu wuta."

"Kada ki ƙona. Fentin fa?"

"Akwai rabin galan."

Sai a lokacin ta juyo, ta dube ni ta saman tabarau, da ɗigon shuɗi a kan hancinta da ba wadda ta yi ƙarfin halin gaya mata.

"Kin ji muryar tulunanmu yau? Mun fi su. Da ba don ke ba, da kofin nan yana cinyata. Baɗi, in Allah ya kai mu, za ki shirya jakarki ki tafi Manga. Ki ce mun yi miki rashin godiya, kin yi fushi da mu. Ki ce kin gano inda kuskuren yake. Ki yi musu magana irin wadda kika yi mana, da kimiyya da komai, har su ba ki tulunansu."

Veronica ce ta fara. Ta kifa shuɗiyar fuskarta a bakin babban tulu, dariyar ta fito ta cikinsa da amo kamar saniya a rijiya. Bas ya ɗauka. Ogechi tana dukan kujera tana barin tafin hannu a buhu, direba yana ihu a bar masa mota.

"Mama," na ce, da aka ɗan lafa, "ba za su yarda ba. Sun gani da idonsu."

"Mu ma mun san ki, muka yarda."

Na duba maganar ta kowane gefe, yadda na saba, ban sami inda ta karkace ba.

"A kan ja," na ce, "fari zai fi fitowa."